Shan Kunu Iri Biyu

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce "ke". Idan yana maganata da wani sai ya ce "yarinyar nan", ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Ƙannena yana saɓa su a kafaɗa, yana tsokanarsu, ranar kasuwa ya miƙa wa kowa rakensa a hannu. Nawa raken sai dai ya jingine shi a bakin ƙofar ɗaki ya wuce, kamar ba shi ya kawo ba. Mu Kirista ne tun daga kan kakana, a wani ƙauye na ƙasar Gwaram da ba shi da nisa da Farin Dutse, amma shiga majami'a bai raba Baba da kunyar ɗan fari ba. Na san al'ada ce, kowa ya faɗa mini al'ada ce. Sanin bai hana ni jin haushi ba.

Dattijo ne a majami'armu, in fasto ba ya nan shi yake wa'azi. Ya iya magana a kan ƙauna, har mata su riƙa gyaɗa kai suna share ido da bakin zane. Ni kuwa ina kan benci na uku ina cewa a raina, to Malam, a fara daga gida mana. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Innarmu ta rasu ina aji biyu a sakandare, ni na ƙarasa rainon ƙannena huɗu, a nan bakina ya ƙara kaifi. Yanzu da nake da tawa 'yar farin, sunanta nake kira sau ɗari a rana, dangi suna cewa ba ni da ta ido.

Shekarar da abin ya faru ina da ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Birnin Kudu, na kama ɗaki ni kaɗai. Zazzaɓi ya fara mini a ƙarshen Nuwamba. Na yi abin da kowa yake yi, na je kemis na sayi na maleriya na sha, na ci gaba da zuwa aiki ina rawar sanyi a gaban allo. Wata safiya cikina ya murɗa, na durƙusa a gaban 'yan aji huɗu, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba sai a asibiti. Taifot ne, wai har ya huda hanji. A ranar aka yi mini tiyata. An nemi jini, Baba ya iso daga ƙauye a bayan babur da ƙaiƙayin dawa a rigarsa, domin daga wurin sussuka aka kira shi, ya miƙa hannu aka ɗebi leda guda. Wannan ma daga baya na ji a bakin wasu, shi bai faɗa ba.

Ɗakin mata ba a barin namiji ya zauna sai lokacin ziyara, saboda haka Goggo, yayar Baba, ita ta zo jinyata. Goggo mace ce mai barkwanci, ko a gidan makoki sai ta sa wani ya yi dariya sannan ya ji kunya. Ita a ciki, Baba a waje. Akwai wata darbejiya a bayan ɗakinmu inda maza masu jinya suke shimfiɗa tabarmi, nan ya kafa zama da bargonsa da Littafinsa mai baƙar fata. Sauran aikin gona ya bar wa ƙanena. Daga gadona, in na ɗaga kai, ina hango gefen tabarmarsa ta taga.

Kwanakin farko an hana ni ci. Da aka ce in fara da kunu, sai cin ya gagara. Bakina ɗaci, ƙamshin abinci ma tayar mini da zuciya yake yi. Goggo ta kafa murhu a inda mata suke girki, ta dama na gyaɗa, ta dama na tsamiya, ta dama na kanwa, duk ɗaya. In na daure na sha cokali biyu ko uku sai in ture hannunta. Ɗinkin kuwa ya ƙi kamawa, kullum aka buɗe sai a tarar yana ruwa. Likitan, wani dogo marar son yawan magana, ya tsaya a kaina wata safiya ya faɗa mini ba kwana-kwana cewa magani ya yi nasa, ƙarin ruwa ya yi nasa, saura ni. In ban ci ba nama ba zai haɗu ba, in bai haɗu ba sai an koma da ni ɗakin tiyata, shi kuma ba ya ganin wannan jikin zai ɗauki wuƙa karo na biyu. Na ji shi sarai, na juya fuska bango.

Gaskiya ba ɗacin baki kaɗai ba ne, har da fushi. Ƙarfe huɗu in an buɗe ƙofa, mazan mutane su shigo da lemo da ayaba, su zauna a bakin gado, wani har ya riƙe hannun 'yarsa. Baba sai ya shigo a ƙarshe, ya tsaya daga wajen ƙafafuna, hularsa a hannu, idonsa a kan sandar ƙarin ruwa, ya tambayi Goggo ya mai jiki. Goggo ta ce da sauƙi. Ya rufe ido ya yi addu'a a ciki, leɓɓansa kawai ke motsi, ya ce amin, ya fita. Ko minti biyar ba ya cikawa. Haba! Ina kwance da ciki a tsage, mutumin nan ba zai iya dubana ya ce sannu ba? Ga shi ta taga ina ganinsa yana ɗebo wa tsofaffi ruwa, yana raka baƙi ɗakin gwaji, kowa ya ga alherinsa ban da ni. Na ce a raina, to shi ke nan, ran da na mutu ma sai ya zo ya tambayi Goggo ya gawa. Ina jin rabin cokulan da na ture, shi nake ture wa.

Abu ɗaya yake yi ba fashi. Duk lokacin da Goggo ta fita da fulas ɗin kunu, shi yake karɓa ya kai famfo ya wanke, kuma kafin nan sai ya buɗe ya leƙa, ya tambaye ta cokali nawa na sha. Sau uku a rana. Goggo ta dawo tana mita, wai ƙanenta ya zama malamin asibiti, in ta ce uku sai ya ce uku cif ko uku da rabi. Muka ɗauka irin ƙa'idarsa ce, mutumin da ko damin dawa sai ya ƙirga sau biyu kafin a sa a rumbu.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata matashiya daga wajen Dingaya, saniya ta ture ta ta faɗi, cinya ta karye. Surukarta ce take jinyarta, wata tsohuwa siririya da muke kira Inna. Mijin Inna kuma, Alhaji, yana ƙarƙashin darbejiyar nan tare da Baba. Masu shanu ne, duk bayan kwana biyu ana kawo musu nono da fura daga gida. Alhaji da Baba suka saba. In an kira salla Baba ne mai gadin kayan kowa, in kuma ya buɗe Littafinsa da hantsi sai su rage murya har ya rufe. Inna ta taɓa ce mini Alhaji yana jin daɗin zama da babana, sai dai abu ɗaya yake damunsa. Kullum ya dama fura ya yi masa tayi, kullum sai ya ce ya gode, a bar shi tukuna. Har Alhaji ya fara tunanin ko addininmu ne ya hana cin abincinsu. Na ce mata ko kusa, Baba ne kawai da halinsa.

Saura kwana biyar Kirsimeti matan zumunta na majami'armu suka yi mota guda suka zo duba ni. Sun yi mini addu'a, sun yi waƙa a hankali, Allah ya saka musu. Amma kafin su tafi sai hira ta koma kan ankon bana, wa tela ya gama wa, wa bai gama wa ba, da wadda za ta ja waƙa a madadina tunda ni nake ja duk shekara. Ba da mugun nufi suka yi ba, amma ji na yi kamar an riga an rufe littafina. Suna fita na ja zane na rufe kaina. Ranar ko cokali ɗaya ban karɓa ba. Goggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi barkwanci, na ɗaure fuska tamau. Da ta gaji, don kada kunun ya lalace, sai ta juye wa maƙwabciyata mai karaya, ita kuwa ta shanye tas.

Da la'asar Goggo ta fita da fulas. Baba ya buɗe ya ga wayam. Ya tambaye ta, ita kuma haushina bai sake ta ba, sai ta ce, "Kunu kam yau 'yarka ta sha shi. Tun safe take sha, har ya ishi kowa."

Shan kunu iri biyu ne, akwai na kwano akwai na fuska, kuma Goggo na fuska take nufi. Baba ma ya san wannan, shi da yake ce wa ƙannena su daina shan kunu in an aike su. Amma mutum ne da ya yi kwana goma sha biyu yana jiran jin magana ɗaya, ga kuma fulas wayam a hannunsa. Goggo ta ce ta ga ya cire hula ya ɗaga ido sama, ta ɗauka ya gane wasan, yana roƙon Allah ya shirye ni ne, sai ta juyo abinta. Shi kuwa ya wuce wurin Alhaji ya ce furar nan da ake masa tayi, in akwai saura yau zai sha. Alhaji ya dama masa ƙwarya guda da hannunsa, Baba ya zauna ya shanye, har ya suɗe ludayin.

Washegari ƙarfe huɗu shi ya fara shigowa, abin da bai taɓa yi ba, fuskarsa a sake. Ya ce wa Goggo tunda jiya an samu wanda bakin ya karɓa, a koma dama irinsa, ya ma sayo gyaɗa a bakin asibiti. Goggo ta yi sororo, sannan ta tuntsire da dariya har tana dafa gado, ta warware masa zancen. Ina kallonsa ta ƙasan ido. Murmushin ya tafi, ya tsaya riƙe da ƙullin gyaɗar nan. Ko addu'ar bai yi ba ranar, ya ajiye gyaɗar a kan lokar gefen gadona ya fita. Ni da wautata na ce ka ji, an yi wa dattijo dariya a gaban mata, shi ne abin da ya dame shi.

Kwana biyun da suka biyo baya haka na ci gaba, yau cokali ɗaya, gobe biyu. Ranar jajiberin Kirsimeti da hantsi na ji hayaniya ta wajen famfo, na ga maza suna gudu, ban kawo komai a raina ba. Goggo ta fita, ta daɗe, ta dawo ido ja ta ce hayaƙin murhu ne. Na leƙa taga, tabarmar tana nan ba kowa a kai. Ta ce ya shiga gari. Baba da tunda aka kwantar da ni ko aski bai je ba, yau ne zai shiga gari?

Inna ce ta ja kujerarta ta matso bayan Goggo ta sake fita. Ta ce ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ni kuma ba yarinya ba ce. Babana ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo yana wanke fulas, su Alhaji suka ɗauke shi, yanzu yana ɗakin maza ana masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo. Sannan ta faɗa mini abin da Alhaji ya daɗe yana gani bai gane ba sai yau. Baba yana da cokali a aljihu. In Goggo ta ba shi fulas sai ya zaga bayan bishiya, ya ɗebi kunun da na rage, ya sha daidai yadda aka ce na sha, ya ba wani mai jinya sauran. Tun bayan furar nan kuwa ko wannan ya daina, sai ruwa.

"'Yata," in ji Inna, "tun da aka ce ki fara ci, babanki bai sa komai a bakinsa ba sai abin da kika sa a naki. In uku kika sha, uku ya sha. Ran da kika ƙi, shi ma haka yake wuni."

Da na so in ce kuka na fara yi. Ba kuka ba ne, masifa ce. Na ce a kawo keken marasa lafiya yanzun nan. Nas ta ce ba a fita da ni da wannan ɗinki, na ce to zan tafi da ƙafata, ɗinkin ya ƙarasa buɗewa a hanya kowa ya huta. Ta dube ni, ta dubi Goggo da ta shigo ta yi tsuru-tsuru, ta je ta turo keken da kanta.

Yana kwance a gado na ƙarshe, allura a hannu. Sai a lokacin na gan shi da kyau, domin duk kwanakin nan da idon fushi nake kallonsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogonsa ya zame har kusa da gwiwar hannu. Yana ganina ya mai da ido bango, wai kunya, a wannan halin ma.

Na buɗe baki na zazzage masa. Na ce wannan wane irin abu ne, mutum ya ba da jini sannan ya hana kansa abinci, a wace aya aka rubuta haka? Na ce ni ana ɗura mini ruwa safe da yamma, shi wa yake ɗura masa? In ya mutu a ƙarƙashin bishiya wa zai riƙe yara, ni da ko zama ban iya ba? Na ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da za a ce masa ga yunwata, ba ni lafiyar 'yata. Marasa lafiyar ɗakin duk sun yi tsit suna saurare. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Ya bar ni na gama. Sannan ya yi magana, muryar a dushe.

"Ba ciniki na yi da Ubangiji ba. Ciwon ban iya karɓa ba, ɗinkin ban iya karɓa ba. Na duba na duba, yunwar ce kaɗai na ga zan iya shiga, kada ki zauna a ciki ke kaɗai." Ya huta kaɗan. "Gobe murnar me za mu yi? Mai Ceto ma bai tsaya daga sama ya ce mana sannu ba. Saukowa ya yi, ya ji yunwa irin tamu."

Na ce to furar fa, me ya sa bayanta ya daina ci gaba ɗaya? Ya ce ya sha ƙwarya guda, ya kwanta da ciki cike yana godiya, ashe ni ko ɗigo ban haɗiya ba. Abin ne ya tsaya masa a rai, duk ya ɗaga cokali sai ya tuna. Goggo da ke bayana ta fashe da kuka, tana cewa bakinta ne ya jawo. Nan nawa kukan ya zo, kuma kuka da ɗinki a ciki ba daɗi, ina yi ina riƙe da hannun keke. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji wani irin daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Ashe Baba yana sona har haka, ni ina kwance ina ƙirga mintunan da yake yi a bakin gadona.

Likita ya zo ya yi masa nasa faɗan. Fasto ya iso da azahar, ya zauna ya yi masa bayani a hankali cewa Allah bai ɗora masa wannan ba, ya riga ya ga zuciyarsa. Baba ya saurara da ladabi, ya ce haka ne, ya gode, amma magana ce ya riga ya yi a gaban Ubangiji, in yarinyar nan ta ci zai ci. Taurin kan da ake cewa ina da shi, ranar na ga inda na gado shi.

Aka mai da ni gadona. Na ce wa Goggo ta je ta ce masa na sha cokali ashirin. Ta ce ita kam ta tuba, har ta mutu ba ta ƙara yi wa ƙanenta wasa da kunu, in ina son a ce ashirin to in sha ashirin. Ba yadda na iya. Ta dama na gyaɗa, na toshe hanci na sha bakwai, suka dawo. Na kurkure baki na ce ta sake zubawa. Na sha biyar suka zauna. Inna ce shaida, ita ta raka Goggo har ɗakin maza, suka tsaya a kansa ya sha biyar. Da yamma na kai tara.

Ranar Kirsimeti da safe aka cire masa ruwan. Ni ban sa ran komai ba, gida ba kowa sai yara, wa yake ta biki. Wajen sha ɗaya sai ga maƙwabcinmu na ƙauye, Malam, da matarsa, da kuloli uku a ɗaure da zane. Malam ne yake yanka mana akuyar Kirsimeti duk shekara. Baba yake kiransa musamman don maƙwabtanmu Musulmi su ci ba tare da shakka ba, kamar yadda naman layyarsu yake shigowa gidanmu. Bana da suka ga gidan shiru sai suka yanka kajinsu, matan unguwa suka dafa shinkafa, aka kai wa ƙannena, aka ɗauko sauran a mota har Birnin Kudu. Matar Malam ta ce shekara da shekaru suna cin tamu, ba za a ce ranar ta wuce tukunya ba ta hau wuta ba. Aka raba wa duk ɗakin har masu shara, Alhaji ma aka kai masa nasa ƙarƙashin bishiya.

Saboda ranar biki ce nas ta bar Baba ya shigo kafin lokaci. Goggo ta zuba mini shinkafa mai laushi da romo a faranti, ta zuba masa daidai ita a wani, ta ja masa kujera har jikin gadona. Ya ɗan karkatar da ita ya ba ni gefe. Tunda nake ban taɓa cin abinci kusa da shi haka ba. Ya yi addu'a, wannan karon a fili, gajeriya. Ya gode don haihuwar Mai Ceto, ya gode don Malam da iyalinsa, ya roƙa wa mai karaya sauƙi, da wannan da ke kwance. Har Inna sai da ta ce amin.

Na ɗebi cokali na kai baki, na ce ɗaya. Ya ɗebi nasa. Na ce biyu, ya bi. Haka muka yi ta yi, ina ƙirgawa da ƙarfi kamar a gaban 'yan aji, Goggo tana dariya tana share ido. Shinkafar ba ta yi mini ɗanɗanon komai ba, kamar ina tauna auduga, amma tana wucewa. Daga wannan makon ne ɗinkina ya fara kamawa, ba a koma da ni tiyata ba, aka sallame ni bayan sabuwar shekara. A lokacin dai ba wanda ya san haka. Abin da na sani kawai, duk cokalin da na haɗiye wani yana shiga cikin Baba.

A na goma sha huɗu cikina ya ce ya isa. Gumi ya karyo mini, na jingina da filo ina numfashi. Nan take ya ajiye cokalinsa. Farantinsa ko rabi bai yi ba, ga cinyar kaza bai taɓa ba.

"Ya isa haka, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Ni na ƙoshi."

Mutumin da ya yi fiye da mako biyu a kan cokali uku, wai ya ƙoshi. Na gyara zama, na jawo farantina.

"To ni ban ƙoshi ba, Baba."

Ƙarya nake yi, ranar Kirsimeti, kuma ya san ƙarya ce. Na ce goma sha biyar, ya ɗauki cokalinsa.